Mun Ci Jarrabawar Noma, Mun Faɗi a Gona

A hutun damina da ya wuce, mu biyu muka je ƙauye gaishe da kakanmu. Da safe ya ce, “Ku je gona ku yi cira.” Muka tsaya muna kallon juna. Mu da muka ci darasin noma a WAEC, ga shi ba mu san cira ba! Ashe rage tsiron gero ne idan ya yi yawa a rami ɗaya, don waɗanda aka bari su yi ƙarfi. Kaka ya yi dariya, mu kuwa kunya ta rufe mu.

Tun daga ranar muka soma tambaya. Sassabe shi ne sare ƙananan itatuwa da ƙaya kafin shuka. Binne shi ne zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, kuma kasada ce: in aka yi yayyafi sannan ruwa ya ɗauke, irin zai iya tsirowa ya mutu. Firi shi ne noman farko, maimai na biyu. Huɗa kuwa tara ƙasa ce a yi kunya-kunya.

A wajen kiwo ma haka ne. Ɗan saniya maraƙi ne, budurwar saniya da ba ta haihu ba karsana, ƙaton sa kuma bijimi. Taure bunsuru ne da aka yi wa fiɗiya. Wanda aka aika kasuwa sayen bunsurun barbara ya dawo da taure, ai ya jawo wa gida asara. Harawa busasshen ganyen wake ne ko na gyaɗa da ake ajiye wa dabbobi saboda rani.

Kowace kalma a nan tana ɗauke da ilimin aiki da lokacinsa. Wasu cikinmu za su zama malaman gona ko likitocin dabbobi. Manomin da ya lura ba ka san binne ba, da wuya ya karɓi shawararka kan taki ko iri, komai yawan takardunka.

Ga aikin wannan mako: ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa kalmomin gona ko kiwo guda 5, ku rubuta su da ma'anarsu, ku aiko mana tare da sunan garinku, domin kalma takan bambanta daga Kano zuwa Sakkwato.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.