Sunan Kaya a Bakin Mai Faci: Ma'aunin Raya Tsohon Keken Kabon a Diffa

A shekarar 1986 Greg LeMond na Amurka ya lashe tseren Tour de France bisa keken kamfanin Look wanda aka yi bututunsa da zaren kabon. Kekunan wancan zamani sun doshi shekara 40, kuma a Turai masu sha'awarsu sukan raya su da ainihin kayan Campagnolo ko Shimano na shekarar da aka ƙera su, domin keken ya koma kamar ranar da ya bar kanti. Wasu daga cikinsu kan biyo kayan gwanjo su shigo Afirka ta Yamma. Idan ɗaya ya faɗo hannun matashi a Diffa, da wane ma'auni zai zaɓi kayan da zai ɗaura masa? Amsar tana bakin mai faci: duk kayan da mai gyara ba shi da sunansa, to da wuya a same shi a kasuwa ranar da ya lalace.

Keke a wannan yanki ba abin ado ba ne. Bayan harin da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu 2015, dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, ƴan kabu-kabu suka rasa sana'a, masu zuwa fadamun tattasai na bakin Komadugu suka koma ga ƙafa da amalanke da keke. Kafin nan, a ƙarshen 2014, an buɗe sansanin Sayam Forage domin ƴan gudun hijirar da suka tsallako kogin daga Damasak da sauran garuruwan Barno. A wurin Barbarci da Hausa da Fulatanci suke cuɗanya, kuma kalmomin aro daga Ingilishi suka iske na Faransanci. Sunan sansanin kansa shaida ne, domin rabinsa na biyu kalmar Faransanci ce ta rijiyar burtsatse. Abin da jama'a suka dogara da shi ba ya daɗewa bai sami suna ba.

Kalmomin keke a Hausa hawa uku ne. Na farko gadon doki ne: ana hawan keke, ana zama bisa sirdi, ana masa kirari da dokin ƙarfe. Na biyu aron sassan jiki ne: kan keke, ƙafar gaba da ta baya, haƙoran da sarƙa take kamawa. Na uku kalmomin da aka aro aka hausantar: birki, inda wasali ya raba baƙaƙe biyu da suka zo a jere, feda da faci da famfo, inda harafin da Hausa ba ta da shi ya koma "f", sai taya, bawul, giya da boris. Kalma ba ta gogewa haka sai ta yi shekaru tana yawo tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ashe jerin waɗannan sunaye shi ne jerin abin da yake rataye a rumfar masu kayan keke.

A ɗora wannan ma'auni bisa tsohon keken kabon. Tun 1990 Shimano ya haɗe hannun birki da na giya wuri guda. Na'urar tana cike da ƙananan sassan da ba su da suna a Hausa, ba ta jure ƙurar hunturu, kuma sai da adadin giyar da aka ƙera ta dominsa take aiki. Tsohon hannun giya da ake ɗaurawa a jikin firam kuwa waya ce da ɗan maɗauri, mai faci zai gane shi da kallo ɗaya. Giya takwas ko ƙasa da haka ta fi dacewa, domin sarƙarta ta fi kauri kuma ta fi samuwa. Ƙafa mai wayoyin ƙarfe 32 ko 36 tana miƙuwa idan ta karkace. Taya mai faɗin milimita 23 ta tsere ce. A ƙasar ƙaya da ƙarangiya gara mai 28, matuƙar firam ɗin zai ɗauka.

Shi kansa firam ɗin ne ya fi nuna giɓin. Firam na ƙarfe idan ya karye akwai walda, sana'a mai suna da masu yi. Kabon zare ne da aka daskarar da ƙaro, wuta ba ta haɗa shi. A kekunan farko an manna bututun kabon cikin mahaɗai na alminiyam, kuma a can ne tsatsa take cin gam ɗin a ɓoye. Saboda haka kafin a kashe ko dala, wajibi ne a duba kowace mahaɗa, a ƙwanƙwasa bututu da kwabo a saurari inda sautin ya dushe. Tazarar ƙafar baya milimita 126 ce ko 130. Ƙarfe yana buɗuwa idan aka tanƙwara shi, kabon tsagewa yake yi. Firam mai tsaga ba abin hawa ba ne, komai arahar sa. Lafiyayye ma wurinsa kwaltar hanyar Diffa zuwa Maine-Soroa. Yashin Sayam na Phoenix ne da Raleigh masu ɗaukar jarka.

Mai ja zai ce suna yana bin kaya ne, kuma da an jira suna da birkin ma bai shigo ba. Gaskiya ne, amma sunan yakan zauna ne bayan kayan sun yawaita, shi kuwa mai keke ɗaya ba zai jira kasuwa ta cika ba alhali sarƙarsa ta tsinke yau. Inda ma'aunin yake da rauni shi ne inda suna ɗaya ya rufe abu biyu. Ana kiran tayar tsohon keken ƙarfe inci 28, ana kuma rubuta 28 a wasu tayoyin keken tsere, alhali ta farko milimita 635 ce, ta biyu 622. Haka bawul: siririn na keken tsere ba ya shiga famfon da aka saba da shi sai da ɗan mahaɗi. A nan sai lamba ta taimaki suna.

Ga ɗaliban kimiyyar harshe, nan akwai aikin da ya fi ƙirƙirar kalmomi a ofis. Rumfar mai faci a Diffa ko Sayam tana riƙe da kalmomin da ba su cika shiga ƙamus ba, da labarin hanyar da kowace ta biyo, ta Maiduguri ko ta Damagaram. Wanda ya tattara su, ya ajiye kowane suna kusa da ma'auninsa na milimita, ya yi wa ilimin harshe aiki, ya kuma hana matashi sayen tayar da ba za ta shiga ƙafar kekensa ba.