Keken Kaɗi da Gaggawar Mai Saye

A Nassarawa GRA, inda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta mai sashen sana'o'in hannu a 1909, sha'awar farfaɗo da kaɗi abin yabo ce. Illarta ɗaya, gaggawa. Mai sha'awa ya yi odar keken kaɗi daga Turai, ya ƙosa ya iso, yana isowa ya kai wa kafinta a sauya masa fenti, alhali bai taɓa murza mazari ba.

Matsalar ta wuce ado. Yawancin waɗannan kekuna don ulu aka ƙera su. Gashin auduga kuwa gajere ne, sai ya sha murɗi sosai yake riƙe kansa, in ba haka ba zaren ya yi ta tsinkewa. Shi ya sa keken da Gandhi ya yaɗa a Indiya yake juyi da tsananin sauri. Matan Kano sun daɗe da sanin wannan da mazari da alli, kuma zarensu na cikin tufafin da Barth ya yaba a 1851.

Saboda haka kafin a sayi keke, a durƙusa gaban tsofaffin makaɗiya. A koyi gurza da shiɓa da yin sutu, a san abawa daga zaren tsaye. Wannan nauyi ne a kan sassan nazarin Hausa, domin kalmomin suna tafiya tare da masu su. Keke kullum yana kasuwa, gwanayen kaɗi kuwa ƙarewa suke yi. Sauri, in ji Bahaushe, kan haifi nawa.