Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, da iyayenmu na ikilisiya, ina neman izini in yi magana a kan doki. Na san wani zai ce me ya haɗa littafin shekara na makaranta da barga. To, amma duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya da Ajingi ya san gardamar doki ba ta ƙarewa a wurinmu. Da zarar Sallah ta matso, ko aka sa ranar bikin ɗan wani mai hali, sai ka ji samari a tasha da bakin kasuwa kowa yana cika baki da dokin garinsu. Wannan ya ce akawal ɗin nan ba a haifi wanda zai sha gabansa ba, wancan ya ce ai kilin gidan wane ko iska sai dai ta bi shi a baya. Mu ma 'yan makaranta muna taɓawa, har a ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Hausawa dai sun riga sun gama magana da suka ce dokin mai baki ya fi gudu.

Son doki ba laifi ba ne. Marigayi Ibrahim Narambaɗa ya yi wa doki waƙa sukutum, wato Dokin Iska Ɗan Filinge, kuma har yau ana sauraronta. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shahara da son dawaki da sukuwa, birnin Kano kuwa kowa ya san Filin Sukuwa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke auna doki. Idan ya ci tsere ɗaya, sai mu ɗauka na biyu da na uku ma sun zama nasa tun ba a ɗaura sirdi ba. Ni a ganina, ko dokin da ya fi duk tsaransa gudu ne, idan aka jera masa tsere uku kusa da kusa, ya fi yiwuwa ya faɗi a ɗaya daga ciki. Kuma mai dokin da ya gane haka ya hutar da dabbarsa, ya fi masu tafi da guɗa hangen nesa.

Mu nan labarin sukuwarmu a baki yake, ba mu rubuta wanda ya ci, balle tsawon fili ko mintin da aka yi. Saboda haka zan kai ku Amurka, inda suke rubuta kome fiye da shekara ɗari. Suna da wata gasa da suke kira Kambi Uku, ta dawaki 'yan shekara uku kawai, wato kowane doki sau ɗaya yake samun damar nemanta a rayuwarsa. Tsere na farko shi ne Dabin Kentaki, a garin Luwibil, ranar Asabar ta farko a watan Mayu, tsawonsa kimanin mita 2,000. Bayan mako biyu sai Preakness a jihar Marilan, mita 1,900 ko kusa da haka. Bayan wasu mako uku kuma sai Belmont a jihar Niyok, wanda bisa al'ada mita 2,400 ne. Tsere uku ke nan cikin mako biyar, a filaye uku daban-daban, kuma mafi tsawon shi ne na ƙarshe, lokacin da gajiya ta riga ta taru.

Daga 1875, shekarar da tseren uku suka cika, zuwa 2025, dawaki 13 ne kacal suka cinye duka. Sir Barton ne na farko a 1919, Justify na baya-bayan nan a 2018. A cikinsu akwai Secretariat, wanda a 1973 ya gama Belmont cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya bar na biyu da tazarar tsawon doki 31. Irin wannan labari shi ke sa masoya doki su manta da lissafi. Amma ga wani labarin da ya fi koyarwa: bayan Affirmed ya ci a 1978, sai da aka yi shekara 37 ba a sake samu ba, har American Pharoah ya zo a 2015. A cikin waɗannan shekaru dawaki 13 sun ci na farko, sun ci na biyu, duniya ta ɗauka an gama, amma ba ko ɗaya da ya kai ga kambin. A Ingila ma, inda suke da irin nasu jerin, tun Nijinsky a 1970 ba a sake ba. Camelot ya zo dab a 2012, ya ƙare na biyu a tseren ƙarshe.

'Yan aji uku ma za su iya gane dalili na farko, don lissafin yiwuwa ne da muke yi a allo. A ce doki ya yi ƙarfin da cikin kowane tsere uku zai ci biyu. Wannan doki ne na gaske, samun irinsa sai an tona. To, a ninka biyu bisa uku sau uku, za a sami 8 bisa 27, wanda bai ma kai kashi ɗaya cikin uku ba. Idan kuwa damarsa a kowane tsere rabi ce, to ɗaya bisa takwas ya rage masa. Wannan fa idan an ɗauka yana shiga kowane tsere da ƙarfinsa na ranar farko ne, alhali ba haka abin yake ba.

Nan ne maganar take. Dokin da ke neman kambi dole ya shiga duka ukun, amma abokan karawarsa ba dole ba ne. Mai doki yana iya barin nasa a barga yana cin abinci yana kilisa, sai ranar ƙarshe ya fito da shi garau. A 2004 Smarty Jones ya iso Belmont ba a taɓa cinsa ba, mutum fiye da 120,000 suka cika fili don su ga tarihi. Ya shiga gaba, ya riƙe, sai dab da ƙarshe wani doki mai suna Birdstone, wanda bai shiga Preakness ba, ya wuce shi. Masu caca ba su ɗauki Birdstone bakin kome ba, har ana biyan 36 a kan ɗaya. A 2014 aka sake irinta: California Chrome ya ci biyu, Tonalist da bai shiga ko ɗaya cikin biyun ba ya zo ya ɗauke na uku. Ɗaya daga cikin masu California Chrome ya fusata a gaban 'yan talabijin, yana cewa ba a yi adalci ba, daga baya ya nemi afuwa. Ni ban ga rashin adalci ba. Ai wahalar ita ce darajar kambin. Abin da na gani shi ne, duk mai auna damar dokinsa ba tare da ya tambayi kwana nawa abokan hamayya suka huta ba, son zuciya yake aunawa.

Sai kuma tsawon fili. Doki mai zafin tashi daban, mai dogon numfashi daban, kamar yadda a ranar wasanninmu na gidaje ba kasafai wanda ya ci mita 100 yake cin mita 1,500 ba. A 1998 Real Quiet yana gaba da tazara mai kyau bayan kwanar ƙarshe ta Belmont, amma ƙarfinsa ya soma ƙarewa, Victory Gallop ya cim masa a kan layi. Sai da aka duba hoto aka ga an ci shi da tsinin hanci. Da filin ya gaza haka da taki kaɗan, da sunansa na cikin littafi.

Akwai kuma abin da ba wanda ya isa ya lissafa. Mai horar da Spectacular Bid ya ce dokin ya taka fil da safiyar ranar tsere a 1979, ya ƙare na uku. War Emblem ya yi tuntuɓe wajen tashi a 2002. Big Brown ya shiga da tsagaggen kofato a 2008, mahayinsa ya ja linzami tun ba a kai ƙarshe ba. I'll Have Another kuwa ko fili bai shiga ba a 2012, ana gobe tsere aka janye shi saboda ciwon jijiyar ƙafa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya faru a 2025, wanda ya raba kan masana doki. Sovereignty, na bargar Godolphin ta Shaihu Muhammad bin Rashid na Dubai, ya ci Dabin Kentaki cikin taɓo, ya kayar da Journalism wanda shi aka fi sa wa rai. Kowa ya zuba ido a ga an nufi Preakness. Sai mai horar da shi, Bill Mott, da masu dokin suka ce ba za su je ba, za su jira Belmont. Da wannan magana ɗaya suka ajiye Kambi Uku da hannunsu. Journalism ya je ya ci Preakness. Da aka haɗu a Belmont, wanda a shekarar aka yi a filin Saratoga kuma aka rage shi zuwa mita 2,000 saboda ana sake gina filinsa na asali, Sovereignty ya sake cin Journalism, ya kuma ci babban tseren Travers a watan Agusta.

Masu suka suna da hujja mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Sun ce ga doki ya ci wanda ya ci Preakness har sau biyu, ga Belmont an rage masa tsawo, ina wata dama da ta fi wannan? An hana doki shiga tarihi, an hana jama'a abin da suka yi shekaru suna jira. Amma a duba da kyau. Sovereignty ɗin da ya ci Belmont doki ne da ya huta mako biyar, Journalism kuwa tserensa na uku ke nan cikin waɗannan makonni. Da Sovereignty ya je Preakness, da shi ma da gajiyarsa zai iso. Ba daidai ba ne a ɗauki ƙarfin da hutu ya ba shi a kafa hujja da shi cewa bai bukaci hutun ba.

Ban da haka, ba kambi kaɗai ake sa wa a faifai ba, har da ran dabba. A 1999 Charismatic ya karye a ƙafa dab da ƙarshen Belmont, mahayinsa Chris Antley ya diro ya riƙe ƙafar da hannunsa har masu magani suka iso, aka ceci ransa amma bai sake tsere ba. Barbaro, wanda ya ci Kentaki a 2006, ya karye a farkon Preakness, aka yi wata takwas ana jinya, ya mutu a Janairun 2007. Ba na cewa kusancin tseren ne kaɗai ya jawo waɗannan, doki yana karyewa ko da ya huta. Amma ɗan shekara uku bai gama ƙosawa ba, kuma shi kansa Justify da ya ci kambin a 2018 bai sake shiga fili ba, kumburin ƙafa ya sa aka ajiye shi. Littafin Karin Magana ya sa kula da dabba cikin halayen mai adalci, kuma ina ganin wannan ya shafi mai ingarma kamar yadda ya shafi mai jaki.

Mu dawo gida. Dawakinmu ba irin na Kentaki ba ne, ba su da likita a gindi, ba a auna musu abinci da sikeli. Dusa ce da harawa da dawa da ɗan kanwa, gwargwadon ƙarfin mai shi. Duk da haka abin da muke nema a wurinsu a makon Sallah ya fi na Amurka tsanani. Doki ya yi hawa yau da kaya masu nauyi, gobe ya sake, jibi samari su karɓe shi su yi ta sukuwa da zamiya a kan busasshiyar ƙasa, wani lokaci ma a kan kwalta. A 2024 da 2025 Ƙaramar Sallah ta faɗo ne cikin zafin bazara. Idan a rana ta uku wani ɗan doki daga ƙauye, wanda ba a hau ba duk makon, ya zo ya wuce shi, sai a ce asiri aka yi, ko a ɗora wa mahayi laifi, ko a ƙara wa dokin bulala da ƙaimi. Ba mai cewa gajiya ce. Birdstone ɗin ƙauye ne kawai ya zo.

Ina da wata magana ga 'yan'uwana maza musamman. Yanzu caca ta shigo cikin wayar hannu, kuma abin da ake fara jawo yaro da shi shi ne a ce masa wannan tabbas ne. A tsarin caca, wanda kowa ya sa wa rai shi ne ake biyan mafi ƙanƙantar riba a kansa. Idan ya ci ka sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, idan ya faɗi kuɗinka duka sun tafi. Dawaki 13 ɗin nan da na ambata, kusan kowannensu an ce tabbas ne. Wanda ya zuba kuɗin makaranta ko na jarrabawa a kan irin wannan tabbas, iyayensa ne za su sayar da buhun gero su cike gurbin.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta matasa manoma ita ce, mu fara abin da ba a yi a yankinmu. Idan an yi sukuwa a Ajingi ko Gaya lokacin hutu, mutum biyu ko uku su je da littafi da agogo da igiyar awo, bayan sun nemi izinin masu dawaki. A rubuta launin doki da shekarunsa, a auna tsawon fili, a duba ko rairayi ne ko tsandauri, a tambayi mai kula da barga yaushe rabon dokin da gudu da abin da ya ci a makon. Malamin lissafi da na aikin gona za su taimaka mana mu jera abin da muka samo, mu kawo shi cikin littafin shekara mai zuwa.