Takardar Koken Masu Kiwon Tumaki na Dabaga

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Agadez,
ta hannun shugaban gundumar Cirozerin.

Ranka ya daɗe, mu makiyaya da mata masu turke na Dabaga da ƙauyukan bakin ƙoramar Telwa muna kawo kukanmu gare ka.

An fi sanin mu da albasa da dankali da tafarnuwa, amma da wuya ka shiga gidan mai lambu ba ka tarar da rago ɗaure a turke ba. Mace kan sayi ramammen ɗan rago bayan damina, ta yi ta ɗawainiya da shi: ganyen lambu da safe, jiƙon dusa da kanwa da yamma, ruwa kuwa a ka take ɗauko shi. Idan bazara ta shigo, ciyawar dutse ta ƙare, sai dusar da aka yiwo dakonta daga Agadez, sau da yawa ma bashi. Da kuɗin ragon nan ake sayen gero, a yi wa yara ɗinkin Salla, a gyara injin ban-ruwa.

A watan Mayun 2025, saura makonni kaɗan Sallar Layya, gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje. Mun fahimci dalili: ana so talakan birni ya iya yanka. Mu ma musulmi ne, ba ma son kowa ya rasa layya. Amma dokar ta same mu mun riga mun zuba kuɗinmu a cikin rago. Fataken da ke lodi zuwa Najeriya da Abijan suka janye, waɗanda suka rage kuwa suka taya yadda suka ga dama, don sun san ba mu da wata ƙofa. Mai dusa dai bai rage ko dala ba. Kafin wannan ma, rufe iyakoki na 2023 da faɗuwar naira sun riga sun karya mana kasuwa.

Wani abin takaicin shi ne, a shekarar ta 2025 ce Aljeriya, wadda jiharmu ke iyaka da ita a Asamaka, ta sanar da shigo da tumaki miliyan 1 don layya, aka yi ta jigilarsu a jirgin ruwa daga Romaniya da Sifen. Namu tumakin, irin ara-ara, suna nan kusa, ba a neme su ba.

Don haka muna roƙo, idan za a sake hana fitarwa, a faɗa tun kafin mu ɗaure rago, a kuma faɗi ranar buɗewa. Tunda mu ke ɗaukar nauyin rahusar da birni ke samu, a kawo dusa mai rangwame har cikin Dabaga, tun watan Maris, kuma a kira sunan mata a wurin rabo, don su ne masu turken. Masu rigakafi su riƙa shiga lungunan Ayar, kada su tsaya bakin hanya. Sannan a zauna da maƙwabtanmu na arewa a samar mana halattacciyar hanyar kai dabbobi Tamanrasat ta Aljeriya da takardar likita, kuɗin fito ya shiga baitulmali.

A shirye muke mu turo wakilai, maza da mata, duk ranar da ka sa mana.

Allah ya ja zamaninka.

Masu kiwon tumaki na ƙaramar hukumar Dabaga