Cinikin Biri a Sama

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, wata hanyar kwashe kuɗin matasa ta shigo mana ta wayar hannu, kuma tilas ne mu yi magana a kanta tun kafin guzirin wani da albashin wani su ƙara salwanta. Muna nufin gwanjon da ake yi a intanet na riguna da ƙwallaye da hotuna waɗanda aka ce fitattun 'yan wasa sun rattaba musu hannu. Mun san gwanjo a kasuwanninmu: ka ɗaga riga, ka duba ɗinki, ka taya, in ba ta yi maka ba ka ajiye. Wannan kuwa hoto kawai ake nuna maka daga wata uwa duniya, agogo yana ƙirga daƙiƙa a gefe, waɗansu da ba ka gani suna ta ƙara farashi, kai kuma hankalinka ya tafi ga sunan gwarzon da kake raba dare kana kallo a gidan ƙwallo.

Ba mu ce dukkan kayan jabu ne ba. Akwai na gaskiya, kuma tsadarsu ce ta buɗe wa 'yan damfara ido. A 2022 kamfanin Sotheby's ya sayar da rigar da Maradona ya sa ranar da Ajantina ta doke Ingila a gasar cin kofin duniya ta 1986, a kan fam miliyan 7.1. To, amma a lura da abin da aka saya. An san wanda ya karɓi rigar daga hannun mai ita, watau Steve Hodge ɗan wasan Ingila, wanda suka yi musanyar riga da shi bayan an tashi. An san ta yi shekaru a gidan tarihin ƙwallo na ƙasar. Duk da haka 'yar Maradona ta fito ta ce ba ita ce rigar da ya ci ƙwallayen nan biyu da ita ba, har sai da kamfanin ya kafa hujja da gwajin da masana suka yi na saƙar rigar da hotunan wasan. In riga mai asali irin wannan ta sha gardama, ina kuma ga wadda wani mai laƙabi, wanda ba a san garinsu ba, ya baje a eBay?

Za a ce mana ai akwai takardar shaida. A nan ne wautar take. Wanda ya iya kwaikwayon hannun Pele, buga takarda mai zanen zinariya a gefe zai gagare shi? A ƙarshen shekarun 1990 hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta bi sawun wani gungu a jihar Kalifoniya, aikin da ta sa wa suna Operation Bullpen, ta kuma bayyana sakamakonsa a 2000. Gwanin gungun, Greg Marino, yakan zauna ya yi ta zuba sunayen Babe Ruth da Muhammad Ali da sauransu kamar mai kwafar darasi. Abin ya kai har ga rubuta sunan Uwa Teresa a jikin ƙwallon besbol! Kayan da aka kama sun kai na kimanin dala miliyan 10, kuma irin waɗannan kaya da takardunsu ake sayar da su, domin akwai masu kiran kansu masana da suke buga hatimi a kan 'yan daloli. Tony Gwynn, ɗan wasan ƙungiyar San Diego da ya taimaki masu binciken, a kantin ƙungiyarsa ya ga jabun sa hannunsa.

Bayan wannan abin kunya ne hukumar besbol ta Amurka ta ɓullo da tsari a 2001: a sa hannu a gaban shaida, a manna tambari mai ƙyalli da lamba. Ya rage ɓarna, amma ɓarawo ba ya barci. A 2025 wani dillali a jihar Indiyana ya fito fili ya yi iƙirarin cewa ya daɗe yana buga jabun tambarin manyan kamfanoni, yana kuma amfani da na'urar da ke sa hannu.

Abin takaici shi ne mu muna da ma'aunin tun a zaure. Malamanmu ba su karɓar ruwaya sai sun san isnadinta, wa ya ji daga wa, kuma shin sun yi zamani ɗaya. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi wa kowace riga: wa ya tsaya a wurin da aka sa hannun, a wane gari, a wace rana, ta hannun wa ta biyo? Tambayar zamani kaɗai ta isa ta tona asirin da yawa. Maradona ya rasu a Nuwamba 2020, Ajantina kuwa sai a Disamba 2022 ta ci kofinta na uku. Saboda haka rigar Ajantina mai taurari uku da sa hannunsa a jiki ƙarya ce tsagwaronta, ko da takardarta ta kai faɗin tabarma. Babe Ruth ya mutu a 1948, alƙalamin Sharpie bai fito ba sai 1964. Muhammad Ali ya yi fama da ciwon karkarwa tun daga 1984, hannunsa ya yi ta ƙanƙancewa, don haka rubutu mai kwarjini a kan hoton tsufansa abin tuhuma ne.

Sai kuma ido. Ba wanda yake sa hannu sau biyu iri ɗaya sak. In an ɗora hotuna biyu suka hau kan juna ba ragi ba ƙari, aikin na'ura ne, kuma takan bar ɗigon tawada a farkon layi da ƙarshensa, kaurin rubutun bai canja ba. Mai kwaikwayo da hannu kuwa zane yake yi a hankali, sai ka ga alƙalami ya yi jinkiri inda mai sunan kan wuce da gudu. Hoton ɗan wasa yana sa hannu a wata riga bai tabbatar da cewa wannan rigar ce ba. Lambar tambari a bincika ta wurin kamfanin da ya bayar, a ga ko siffar kayan ta dace. Dillalin da yake da rigunan Messi hamsin a kan kuɗin takalmi kuwa, araha ba ta ado.

Laifin bai tsaya kan mai jabu ba. Kamfanonin gwanjon suna cin la'adarsu a kan abin da aka sayar, ɗan wasan da aka ari sunansa ko kwabo ba ya gani: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗalibin da ya tura kuɗinsa ƙetare, aka kuma ja shi da alkawari har wa'adin ƙorafi ya wuce, wace kotu zai dosa?

Amma wanda ya fi ɓata mana rai shi ne namu na gida. Mutum ya gane an cuce shi, kunya ta hana shi faɗa, sai ya nemi ɗan ajin farko ko sabon ma'aikaci a ofis ya sauke masa kayan, har da rantsuwa. Wannan zamba ce cikin aminci, kuma ba za mu rufa masa asiri don muna ɗaki ɗaya ba. Duk wanda ya kawo irin wannan riga ɗakunan kwana da niyyar sayarwa, ya zo da isnadinta a baki, ya kuma sani cewa a gaban jama'a za mu baje ta, mu fara da ƙirga taurarin da ke ƙirjinta.