Arahar akwatin wuta na cin kwamfuta

Malamai da iyaye, in za mu sayi kwamfuta, girman allo muke tambaya. Akwatin wuta kuwa, "ba ni mai araha". Alhali shi ke karɓar kuran mai volt 220 ya rage shi zuwa 12 da 5. Na araha za ka ga an rubuta watt 500, amma bai kai ba, kuma galibi ba kariya a ciki. Ga zafin Afrilu, ga ƙura ta toshe fanka, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. In ya ƙone, yakan tafi da faifan da makin ɗalibai ke ciki. Kafin ku biya, ku ɗaga shi; in sakayau ne, ku ajiye.