Kwafin Atamfa, Kwafin Fim, Da Hukuncin Kulle



A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. Dokar ta shafi littafi da waƙa da fim da muryar da aka naɗa, har da abin da ke yawo a intanet. Mutane da yawa sun ɗauke ta maganar lauyoyi da 'yan fim ce kurum. Amma mazauna kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera har Nasarawa, sun riga sun ga ɓarnar da kwafi ke yi tun kafin wayar hannu ta cika gari.

A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Bayanta Nortex ta zo, sa'an nan UNTL ta mutanen Hong Kong, da Arewa Textiles ta Japanawa. Audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ita ce abincinsu, dubban magidanta kuwa a nan suke samun na tuwo. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, ko da yake an sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnati, ba ta komo da ƙarfinta na da ba.

Dalilan mutuwar masaƙun suna da yawa: ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injuna, da buɗe ƙofar shigo da yadi a 1997. Amma akwai ɗaya da ya dace da wannan magana. Mai zane ya zauna ya fito da sabon adon atamfa, masaƙa ta biya shi, ta sassaƙa tambari, ta buga. Kafin kaya su gama zagaya kasuwa, an aika da ƙyalle ɗaya ƙasar Sin, an bugo irinsa a kan yadi mai araha, wani lokaci har da sunan masaƙar da alamarta a bakin zanen. Kayan su sauka Kwatano ko Lome, su bi ta Maraɗi ko Birnin Ƙonni, su shigo ta ɓarauniyar hanya har Kantin Kwari. Mai kwafi bai biya mai zane ba, bai biya kwastan ba, don haka dole ya karya farashi. Ga shi kuwa doka tana nan, domin dokar 1970 ta ba mai zanen da ya yi rajista kariya ta shekara 5, ana sabuntawa sau biyu. Dokar da ba ta da mai tsaron ta a bakin iyaka, takarda ce kawai.

To, amma adalci ya sa a faɗi wata magana. Ita kanta atamfa kwaikwayo ce. Asalinta rinin kakin zuma ne na mutanen tsibirin Jawa a Indunusiya, Turawan Holan suka koyo shi suka ɗora a inji, kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846 ya shahara da shi, daga baya Kakuri ta koya. Watau koyon sana'a daga wani ba laifi ba ne, da haka duniya ta ginu. Laifin yana wurin ɗauke aikin wani ɗungurungum, da liƙa sunansa a kan abin da bai yi ba. Wannan algus ne ga mai saye, zalunci ne ga mai yi.

Abin da ya sami yadi shi ya sami fim. Finafinan Hausa na bidiyo sun faro a Kano a 1990 da Turmin Danya. Zamanin kaset da faifai, mai kwafi sai ya sayi inji da kwali, ya nemi shago, ana iya kai masa samame. Da waya mai hoto ta yawaita, sai yaro ya kafa teburi da kwamfuta ɗaya a bakin kasuwa ko tasha, kamar yadda ake gani a Kakuri da Sabon Tasha, yana tura fim goma a katin waya da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Mai waya kuma ya tura wa goma kyauta. Kasuwar faifai ta faɗi, masu shiryawa suka koma YouTube inda talla ke biyansu, da tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, da manhajar Northflix ta 2019. Su ma 'yan fim ɗin ba su wanke sarai ba, gama labarai da karin waƙoƙin Indiya da yawa sun shiga ayyukansu ba da izni ba.

Daga nan aka koma ga kulle. Malaman hisabi sun san yadda ake mayar da haruffa lambobi, har wanda bai san ƙa'idar ba ya duba bai gane kome ba. Ilimin tsoho ne, domin Alkindi ya wallafa risala a Bagadaza kan warware rubutun ɓoye tun ƙarni na 9 na Miladiyya. Kwamfuta haka take yi, sai dai lissafinta ya fi ƙarfin alƙalami: ta cuɗa hoto da murya, ba mai warware su sai mai mabuɗi. Shi ya sa dikodar DStv ko StarTimes ke rufe hoto in kuɗin wata ya ƙare. Sabuwar doka ta mai da fasa irin wannan kulle laifi, haka kuma sayar da abin fasa shi. Ta bi sawun yarjejeniyar duniya ta 1996, wadda Amurka ta zartar a 1998, Nijeriya kuma ta tabbatar a 2017. Ta kuma ba mai haƙƙi damar ya sa a sauke aikinsa daga intanet in an ɗora ba da yardarsa ba.

Mai karatu ya lura, kulle iri biyu ne. Akwai wanda mabuɗinsa ke hannun mai waya, kamar wanda WhatsApp ta sa wa saƙonni a 2016, wanda ke tsare cinikin falke da sirrin iyali daga masu leƙen asiri. Wannan ya dace da shari'ar da ta hana binciken al'aurar mutane. Akwai kuma wanda mabuɗinsa ke hannun mai sayarwa, yana tsare kaya daga wanda ya saye su. Shi wannan bai san ɗalibi da ɓarawo ba, kowa ɗaya ne a wurinsa. Kuma ba ya daɗewa. Kullen faifan DVD an fasa shi a 1999, cikin masu fasawar har da wani yaro ɗan ƙasar Norwe, aka kai shi kotu, ta sallame shi a 2003. A yau ma wanda ya kasa fasa kulle sai ya ɗora wata waya a gaban allon ya ɗauka. Kulle yana rage ɓarna, amma ba ya zama madadin amana.

Saura hukunci. Wasu malamai, musamman daga Hanafawan Indiya da Pakistan, sun ce babu wannan haƙƙi. Hujjarsu ita ce dukiya sai abin da ake riƙewa a hannu, wanda ya sayi littafi ya mallake shi, kuma ɓoye ilimi akwai narko mai tsanani a kansa. Ba hujjar rainawa ba ce. Sai dai Malikawa suna lissafa amfanin abu a cikin dukiya, sun halatta ladan karantar da Alƙur'ani, sun halatta sayar da Mushafi a matsayin kuɗin takarda da wahalar marubuci. A kan irin wannan hanya Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait, a watan Disamba 1988, cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira da sunan kasuwanci da alamarsa haƙƙoƙi ne da shari'a ke tsarewa, bai halatta a keta su ba.

Da an duba da kyau, tsoron ɓoye ilimi bai kai yadda ake zato ba. Dokar ta tsare littafi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, fim da naɗaɗɗiyar murya shekara 50. Saboda haka Risala da Muhtasar da Ishmawi da Ahalari, da talifan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, ba wanda ya isa ya hana a buga su ko a kwafe su. Dokar ta kuma bar ƙofa domin karantarwa da ɗakunan karatu da makafi. Abin da ta tsare shi ne gumin mai rai da gādon marayunsa.

Alarammomi suna da rabo a nan fiye da yadda suka sani. Sau nawa gwani ya shekara yana rubuta Alƙur'ani da ka, ɗan kasuwa ya biya shi sau ɗaya, ya kai maɗaba'a ya ɗauki hoton rubutun, ana ta bugawa shekara da shekaru? Sau nawa aka yanke rabin maganar mai wa'azi, aka watsa ta da ma'anar da bai nufa ba? Yanzu ma ga na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum su faɗi abin da bai faɗa ba. Dokar ta ba mawallafi haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin kada a jirkita aikinsa. Wannan kuwa shi ne abin da ma'abota isnadi da ijaza suka tsare tun ƙarnonin farko, watau kowace magana a jingina ta ga mai ita, yadda ya faɗe ta.

Saboda haka akwai aiki a kan kowa. Marubuci kada ya miƙa rubutunsa sai da takardar yarjejeniya da shaidu, a faɗi bugu nawa, ladan nawa. Malamin da ya nufi karatunsa ya zama waƙafi ya furta haka a farkon naɗi, don mai turawa ya tura da kwanciyar rai, mai sayarwa kuma ya san iyakarsa. Mai shagon yadi ya gaya wa mai saye wannan kwafi ne, ya sayar a kan kuɗin kwafi. Masu tura fim, waɗanda yawancinsu samari ne da ba su da wata sana'a, 'ya'yan unguwannin da masaƙu suka bari, ya fi kyau ƙungiyarsu ta zauna da masu shirya fim a yanka abin da za su riƙa biya, da a yi ta kama su ana saki. Hukumar kare haƙƙin mallaka kuma ta fassara dokar da Hausa, boko da ajami, gama ba a kama mutum da dokar da ba a karanta masa ba a ce an yi adalci.

Allah Ya ciyar da kowa da halal, Ya tsare bayinSa daga cin gumin wani. Haza wasalam.